Boho mai duhu da wabi-sabi a gidan haya: amsa ga wata amarya

"Anti salamu alaikum, dan Allah shawara nake nema. Bikina saura wata huɗu in sha Allah, gidan da za mu zauna na haya ne a Kaduna, falo ɗaya ɗaki biyu. Ni gaskiya bana son jeren nan na fararen kujeru masu ruwan gwal da kowa yake yi. A Pinterest na ga wasu salo guda biyu sun tafi da ni, ɗaya boho mai duhu ɗaya kuma wabi-sabi, so nake in haɗa su. Amma Mama ta ce baƙin fenti zai sa gida zafi ya koma kamar kogo, ƙawayena kuma suna cewa 'yan ganin ɗaki za su ce iyayena sun gaza. Zai yiwu a haɗa su? Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam amarya, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin lafiya. In na fahimce ki tambaya uku kika dunƙule waje ɗaya: ko salon nan biyu suna zama a ɗaki ɗaya, ko duhun zai takura muku a gari irin Kaduna, sai ta ukun wadda kika saka a ƙarshe amma ita ce ta fi nauyi, wato yanda za ki yi da Mama da 'yan ganin ɗaki. Amsar ta farko ita ce eh zai yiwu, amma ba rabi da rabi ba, dole ɗaya ya zama mai gida ɗaya ya zama baƙo. Dalili kuwa, asalinsu ba jituwa suke ba. Boho cewa yake ƙaro, wabi-sabi cewa yake rage. Abun da ya sa a hoto kike ganin kamar 'yan gida ɗaya ne shi ne kayan da suke amfani da su, ƙasa, itace, fata, auduga, tagulla, ga kuma haske mai laushi da babu ƙyalli. Nan ne kaɗai suka haɗu, kuma nan ne za ki tsaya ki gina naki.

Asalinsu, don ki san me kike kwaikwaya

Wabi-sabi na Japan ne, kuma ba a matsayin salon jere ya fara ba. Daga al'adarsu ta shan shayi ya taso. A ƙarni na 15 da na 16 masu kuɗi da masu mulki a can suna gasar tara kofuna da tuluna na China masu santsi da tsada, ana kiran baƙi shan shayi don a nuna musu kaya, kin ga dai ba a yau aka fara ganin ɗaki ba. Sai wasu malaman shayi suka juya wa abun baya, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Sen no Rikyu, an haife shi 1522 ya mutu 1591. Shi ya sa wani magini mai suna Chojiro ya riƙa gina masa kofuna da hannu zalla, baƙaƙe da jajaye, bakinsu bai daidaita ba, jikinsu da kaushi. Ɗakin shayin da ake jingina masa mai suna Tai-an yana nan har yau kusa da Kiyoto, faɗinsa tabarmarsu biyu kacal, bangon laka ne har ana ganin ciyawar da aka kwaɓa da ita, tagogin ƙanana an rufe su da takarda, ƙofar kuma sai an durƙusa ake shiga, ko kai waye. A daidai wannan lokacin ubangidansa Toyotomi Hideyoshi, mai mulkin Japan a lokacin, yana da ɗakin shayi da aka lulluɓe da zinari. Toh kin ga rigimar fararen kujeru masu ruwan gwal da baƙin akushi tsohuwa ce.

Abun da nake so ki riƙe daga wancan ɗakin shi ne wani ɗan lungu da suke warewa a jikin bango, ba a saka komai a ciki sai rubutu ɗaya da aka rataye ko fure ɗaya a tulu. Guda ɗaya tak. Duk sauran ɗakin an bar shi wayam saboda ido ya samu inda zai sauka. In kika cika wuri da kaya goma masu kaushi kika ce wabi-sabi ne, ba shi ba ne, tarkace ne kawai masu kala ɗaya.

Shi kuma boho daga Faransa ya fito, a Faris ta ƙarni na 19, inda matasa masu zane da marubuta marasa kuɗi suke zaman ɗakunan haya suna cika su da duk abun da suka tsinta, tsohuwar kujera, ƙyalle, littattafai, babu wanda ya dace da ɗan uwansa. Daga baya a shekarun 1960 da 1970 matasan Turai da Amurka suka riƙa yawo Maroko da Turkiyya da Afganistan da Indiya suna komawa gida da dardumomi da fitilun tagulla da tumtum na fata, wannan ne ya ba shi kamannin da kike gani yanzu. Nau'in mai duhun sabo ne a kansu, an ɗauki wancan tarin kayan ne aka jingina shi da bango mai duhu, kore ko shuɗi ko ruwan gawayi, don launukan su fito. Wani abun da zai ba ki dariya, fatar nan da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, da yawa daga cikinta fatar jar akuyar Sakkwato ce da ake jemewa a ƙasar Hausa a haura da ita Sahara. Saboda haka in kika ga tumtum a hoton Pinterest kada ki fara lissafin kuɗin jirgi, ki leƙa Kasuwar Kurmi.

Maganar zafi da duhu

Mama tana da gaskiya rabi. Baƙin abu yana shan zafi ne in rana ta dake shi kai tsaye, shi ya sa baƙin fenti a bangon waje ko a kan kwano babban kuskure ne a ƙasarmu. Amma bangon ciki wanda rana ba ta taɓa shi, launinsa ba shi ne yake kawo zafin ɗaki ba. Zafin daga rufi yake saukowa, da bangon da yake kallon yamma, da tagar da rana take shigowa da la'asar. In ɗaki yana da zafi to da farin fenti ma yana da zafi.

Inda take da gaskiya cikakkiya shi ne kogon. Kamfanonin fenti na ƙasashen waje suna rubuta wata lamba a bayan katin launi daga 0 zuwa 100, tana nuna yawan hasken da launin yake dawo da shi cikin ɗaki. Fari yana kaiwa 80 ko sama, ruwan gawayi da kore mai duhu sosai kuwa sukan tsaya wajen 10 ko ƙasa da haka. Ma'ana ƙwan da yake haska miki farin falo tas, in kika yi fenti mai duhu bangon zai shanye kusan duka hasken. Hotunan da kike gani kuma yawanci gidajen Turai ne masu manyan tagogi daga ƙasa har sama, ga wutar da ba ta ƙiftawa, ga mai hoto ya zo da fitilunsa. Mu kuma taga ƙarama, ga ƙarfen tsaro, ga raga, ga katangar maƙwabci ta tokare, sannan a ɗauke wuta. Shi ya sa kullum nake cewa masu zuwa wajena, ba da fenti ake fara ɗaki mai duhu ba, da fitila ake farawa.

Ki duba kwalin ƙwan lantarki za ki ga lamba da harafin K. Wanda aka fi sayarwa a shagunanmu 6500K ne, farin nan mai kashe ido irin na asibiti, in ya sauka a kan bango mai duhu sai ya mayar da shi kamar ɗanyen siminti, ya kashe launin itace, ya sa fata ta yi toka-toka. Ki nemi 2700K ko 3000K, mai ruwan zuma. Kuma kada ki dogara da guda ɗaya a tsakiyar silin. A falo ki samu uku ko huɗu a tsayi daban-daban, ɗaya a tsaye a kusurwa, ɗaya a kan ɗan teburi, ɗaya a rataye ƙasa-ƙasa cikin kwando ko fitilar tagulla mai huda-huda da take zana inuwa a bango. Ƙananan ƙwai na LED masu wat 5 zuwa 7 sun isa, ba sa jan wuta, ko ƙaramar inbata ko sola za ta riƙe su har dare ya raba. Ki kula da fitilun caji, mafi yawansu farin haske ne, ki sa a kunna miki a shago kafin ki biya. In kuma POP ɗin gidan yana da zaren wutar nan mai canza launi shuɗi da ja, dan Allah ko a cire ko a canza shi da mai ruwan zuma, wannan shi kaɗai ya isa ya rushe miki komai.

Abu biyu da ba a faɗa a hoto: ƙura da sauro. Ƙurar hunturu fara ce, a kan baƙi wuluk take fi nunawa, ki goge teburi da safe kafin azahar ki iya rubuta sunanki a kai. Sauro kuma yana son lungu mai duhu da bayan labule mai kauri. Ba wai su hana ki ba ne, amma su ne dalilin da ya sa ba na ba mutanenmu shawarar baƙi zalla. Ki je ga launin da yake da ƙasa a cikinsa, ruwan makuba, ruwan hanta mai duhu, kore irin na ganyen mangwaro da ya tsufa, shuɗin baba, ko ruwan toka mai ɗan ja-ja. Waɗannan suna haɗiye ƙura. Wani amfani kuma da za ki ji daɗinsa, hayaƙin turaren wuta da yake sa farin bango ya yi dafe-dafe a saman kasko, a kan makuba ba ya nunawa.

Bango

Tunda haya ne, kafin ki sayi ko lita ɗaya a samu mai gidan a yi magana, in da hali a rubuce. Mayar da bango mai duhu fari yana cin shafe uku wani lokacin har huɗu, kuma ranar tashi kan ku zai faɗo. In ya yarda, shawarata bango ɗaya ko biyu a falo, wanda kujera take jingina da shi, sauran kuma ki yi musu ruwan ƙasa mai haske ko ruwan madara mai ɗan duhu, ba fari fat ba, domin fari fat kusa da duhu yana yanke ɗaki gida biyu. Kada bangon da taga take jikinsa ya zama shi ne mafi duhu in ita kaɗai ce tagar, ido zai riƙa wahala tsakanin hasken waje da baƙin gefe. Silin ki bar shi da haske.

Ga gwajin da nake sa kowa ya yi. Ki sayi ƙaramin gwangwani na launi biyu ko uku, ki samu faffaɗan kwali, ki shafa kowanne sau biyu ki bari ya bushe sosai, sannan ki kai gidan ki jingina a bangon. Ki kalle shi da hantsi, ki kalle shi bayan la'asar, ki kalle shi bayan magariba da ƙwan da za ki yi amfani da shi. Za ki sha mamaki, koren da ya yi miki kyau da hantsi da daddare sai ki ga ya koma baƙi ƙirin, makubar da kika ga kamar ta yi ja da yawa da rana kuma da daddare ita ce za ta zauna daram. Kada ki zaɓi launi a waya, kada kuma ki zaɓa daga ɗigon da mai shago ya shafa a murfin bokiti.

Fentin ya zama mara sheƙi. Mai sheƙi irin na mai yana tona asirin filasta, duk wani tudu da kwari sai ya fito, ga shi yana dawo da hasken ƙwai kamar madubi. An taɓa kira na wani falo da aka riga aka yi wa bango huɗu baƙin fentin mai, ƙwai ɗaya fari a sama, ƙasa farin tayil mai santsi, matar gidan ta ce tun da aka gama ba ta iya zaman minti goma a ciki. Ba mu kankare duka ba, bango biyu muka mayar ruwan ƙasa, biyun muka bi su da mara sheƙi mai ɗan kore a ciki, muka kashe ƙwan sama muka kawo fitilu uku, aka shimfiɗa tabarmi. Shi kenan aikin. Amma ki sani mara sheƙi yana riƙe shatin hannu, in yara suka fara zuwa sai haƙuri, ko ki yi mai ɗan santsi kaɗan daga ƙasa zuwa tsayin ƙugu. Ki ce wa mai fenti ya fara da shafen ƙasa mai ruwan toka kafin launin, in ya ɗora kan fari kai tsaye sai ya yi ta shafawa yana ganin dabbare. Wajen lissafi, lita ɗaya takan rufe wajen murabba'in mita 10 a shafe ɗaya, bango mai tsawon mita 4 da tsayin mita 3 kuwa 12 ne, kin ga ba kya buƙatar babban bokiti don bango ɗaya, kada a yi miki lissafin dokin rano.

Bangon nan mai gajimare-gajimare da kike gani a hotunan wabi-sabi, yawanci farar ƙasa ce da aka zuba wa garin launi, ana shafa ta da faffaɗan burushi a gicciye. Tana da kyau ƙwarai amma tana da sharuɗɗa. Tana son bango mai shan ruwa, ba ta kama kan fentin mai. Tana bushewa ta yi haske fiye da yanda take a jiƙe nesa ba kusa ba, kuma tunda ita kanta fara ce ba ta kaiwa duhu can. Tana cin hannu da ido lokacin aiki, in ba a yi ta daidai ba kuma tana gogewa a jikin kaya, ki tuna baƙi masu baƙar abaya. Akwai kuma na Maroko da ake kira tadalakt, filastar farar ƙasa da ake murzawa da dutse a bi ta da baƙin sabulu har ta hana ruwa shiga, wannan sai gwani kuma ba aikin gidan haya ba ne. Dabarar da take aiki ita ce mai fenti ya haɗa launi ɗaya kashi biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya duhu, ya tsinka na biyun da ruwa ya bi kan na farko da burushi ba da rola ba. Ya fara gwadawa a bayan ƙofa.

Sannan ki duba gindin bangon. In akwai danshi, fenti yana kumbura ko wani farin gishiri yana fitowa, a gyara wannan tukuna, domin a kan launi mai duhu gishirin nan fitowa yake ɓaro-ɓaro. Kuma kada wani ya ce miki ai wabi-sabi ne. Bangon da yake ɓarewa, silin mai yoyo, soket a fashe, wannan sakaci ne. Ɗakunan shayin Japan ɗin nan ana share su ana goge su kamar me, tsufa ake so a gani ba dauɗa ba.

In mai gida ya ƙi, ba a rasa hanya ba. Labule mai duhu daga silin har ƙasa, bango guda cur ko da babu taga a wajen, yana ba da kusan abun da fenti zai bayar. Ko babban gwado ko luru ko rinin baba na Ƙofar Mata a ɗaura a sanda a rataye. Ranar tashi ki naɗe abunki.

Kaya: wanne ne mai gida, wanne ne baƙo

Ni dai wabi-sabi nake ba manyan abubuwa, boho kuma in ba shi kusurwa ɗaya ko biyu. Wato bango, ƙasa, kujeru, teburi, gado, su zama masu sauƙi, launi kaɗan, babu sassaƙe-sassaƙe. Sannan a gefe ɗaya na falo ki saki hannu: darduma kan tabarma, tumtum biyu, filo masu saƙa daban-daban, fitilar tagulla, shuka. In kika yi akasin haka, kika cika ko'ina da boho sannan kika ajiye tukunya ɗaya kika ce ga wabi-sabi, tukunyar ɓata za ta yi a cikin hayaniya. Launuka kada su wuce uku ko huɗu a ɗakin gaba ɗaya, misali makuba, ruwan ƙasa, shuɗin baba, sai ɗan ruwan goro jefi-jefi.

Farin tayil mai sheƙi shi ne babban abokin gabarki kuma ba za ki iya cire shi ba, rufe shi za ki yi. Babbar tabarmar kaba ko kafet mara ado a ƙasa, ƙaramar darduma mai zane a kai a ɗan karkace. Kafet ɗin ya yi girman da ƙafafun gaba na kujeru za su hau kansa, ƙarami a tsakiya shi kaɗai yana sa falo ya tsuke.

Wajen kafinta ki tsaya tsayin daka, domin hannunsu ya saba da feshin nan mai ƙyalli. Ki ce kujera ƙasa-ƙasa, katako na gaske irin maɗaci ko iroko, a goge shi a shafa mai kawai ko abun da ba ya sheƙi, a bar jijiyar itacen ta fito, in da ƙulli a jiki a bar shi. Ki tambaya ko katakon ya bushe, ɗanye in hunturu ya kama shi tsagewa yake yana banƙarewa. Yadin kujera auduga mai kauri ko lilin, wanda ake cire rigarsa a wanke. Karan-miski yana da kyau a boho mai duhu amma yana da zafi kuma maganaɗisun ƙura ne, ki tsaya a filo ɗaya ko biyu. Haka saƙar igiyar nan ta rataye a bango, guda ɗaya ta isa, wanke ta aiki ne.

Ƙananan kaya kuma, nan ne nake jin takaici in na ga amare suna odar tulun roba daga waje wanda aka yi wa fentin tsufa na ƙarya. Abun da aka yi dubu a injin aka zana masa tsaga iri ɗaya ya saɓa wa duk abun da Rikyu ya tsaya a kai. Ki je wajen kakarki. Tsohon akushi da hannu ya sa ya yi sulɓi, turmin da aka daina daka a ciki, randa, tulu mai tabon wuta a gefe, faifai, adudu, buzu, tasar tagulla ta Bida da ta dushe, kada ma ki goge ta ta yi ƙyalli. A Japan suna da wata sana'a, kintsugi, in kofi ya fashe sai a haɗa shi da ƙaron wata bishiya a bi layin da garin zinari, a bar gyaran a fili. Mu ma muna da gyartai. Ki ɗauki ƙwaryar da ya ɗinke ki duba da kyau, ƙananan huda a jere gefe da gefen tsagar, zaren ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wajen ya ɗan yi duhu saboda shekarun nono da hannu. Wannan ita kaɗai a kan ɗan katako a jikin bango mai duhu, da fitila a gefenta, ta fi kwali guda na kayan oda. Kayan gyaran kintsugi da ake sayarwa a intanet kuwa yawanci gam ne da garin gwal na bogi, a yi ado da su amma kada a ci abinci a ciki.

Kuma ba wai maneji za ki yi da namu don ba ki samu na Japan ba. Bernard Leach, Baturen Ingila, a Japan ya koyi ginin tukwane, ya dawo a 1920 tare da wani magini ɗan Japan mai suna Shoji Hamada suka buɗe wajen aiki a Ingila. Almajirinsa Michael Cardew shi ne ya zo Najeriya ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, wadda hotonta yake bayan naira 20. Idon da aka horar da kofunan Japan shi ne ya ga tulunan matan Gwari ya tsaya cak. Kina Kaduna, hanyar Abuja tana gabanki.

Duk tsohon itace ki duba shi kafin ya shiga gida, in kin ga ƙananan huda da gari yana zuba to ƙwaro na ciki, a shanya shi a rana a sa magani, kar ya kai ga sabon gado. Shuka kuma ki nemi masu jure inuwa irin moɗa, ki sa a tukunyar ƙasa, kada ki bar ruwa ya kwanta a faranti saboda sauro. Busasshen reshe ɗaya mai lanƙwasa a cikin tulu shi ma ya wadatar. Kyandir da kike gani birjik a hotuna ki rage, labule har ƙasa da busasshiyar ciyawa da tabarma ba sa wasa da wuta. Sannan hotunan boho suna yawan zuwa da gunkin Buddha, ƙoƙon kan dabba, da zoben nan mai raga da gashin tsuntsu wanda asalinsa na wata ƙabilar 'yan asalin Amurka ne masu imanin yana tare mugun mafarki. Babu ɗayansu da salon ya dogara a kai, ki tsallake su, ba ki rasa komai ba.

Mama da 'yan ganin ɗaki

Nan fa ba maganar fenti ba ce. A wajen Mama kayan ɗaki shaida ce cewa ta fitar da 'yarta kunya, in kika ce mata tsohon akushi da tabarma kike so, abun da za ta ji shi ne za a zage ta a dangi. Kada ki je mata da sunayen Japan. Ki nuna mata kuɗin ba raguwa zai yi ba, wajen zuwansa ne ya canza: katako na gaske maimakon wanda ake mannawa takarda ya kumbura da damina ɗaya, darduma mai nauyi, labule mai kyau, tagulla. Gwaggonni suna taɓa kaya su ɗaga su ji nauyi, sun san abu mai tsada ko ba ya ƙyalli. Ki bar mata uwar ɗaka da kicin ta yi yanda ranta yake so, ke ki riƙe falo, in ma falon ya gagara ki karɓi ɗaki na biyu ki fara daga can. Shi ma angon a tambaye shi, kar ya shigo ya tarar da bango ruwan gawayi bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ranar jere ki bari a jera abun da za a jera. Bayan an watse, sati biyu uku, sai ki fara janye wasu kina mayarwa kwali a hankali. Kuma ki ajiye wani abu daga kuɗin kada ki kashe duka kafin biki, domin sai kin zauna a gidan za ki san inda rana take faɗowa da inda kuke yawan zama, waɗannan su za su gaya miki inda fitila da tumtum za su je.

Abun da ba zan iya yanke miki daga nan ba shi ne nawa ne duhun da falonki zai ɗauka, tunda ban ga tagoginsa ba. Ki je da tsakar rana ki kashe duk ƙwai, ki zauna a inda kujera za ta kasance ki buɗe littafi. In kina karantawa ba tare da kin matse ido ba, bango biyu ma za su yiwu. In sai kin matsa kusa da taga, ki tsaya a ɗaya. In kuwa tagar katanga take kallo kuma ko da rana sai an kunna wuta, ki bar bangon da ruwan ƙasa mai haske gaba ɗaya, duhun ya zo daga kujeru da darduma da labule. Ki turo min tsawo da faɗin falon da ɓangaren da tagar take kallo, gabas ko yamma, sai mu zaɓi launin tare.